JIƘO DA MAGANIN FARMASI: KADA A GAMA SU A JIKIN BISA GUDA

 

Maganarmu ta wannan karo ta shafi wata al'ada da kusan kowa ke yi. Bisa ta kwanta, sai a ɗura mata jiƙon sassaƙe da safe. In rana ta yi ba ta tashi ba, a aiki yaro kasuwa ya sawo ƙwaya. Da marece maƙwabci ya zo da ragowar allura, a soka mata. Kowa da kyakkyawar niyya ya yi, don ana ganin in magani guda bai kama ba, gudan zai kama. Amma a jikin bisa ba haka abin ke tafiya ba. Wani lokaci jiƙo yakan kashe ƙarfin maganin farmasi, kuɗi su tafi banza, cuta ta zauna. Wani lokaci kuma su biyun su taru su zama dafi.

Abin da na gani da idona

Wata shekara, saura mako uku a yi sallar layya, anka zo anka ɗauke ni da moto zuwa wani ƙauye na bakin gulbi. Wata mata ce ke turkar raguna biyu, balami. Na tarar da guda kwance, yawu na dalala, jiki na karkarwa, numfashi sama-sama. Gudan yana tsaye, amma ƙafafunsa na rawa. Na tambayi abin da anka ba su. Matar ta nuna mani takardar ƙwayar tsutsa. Lebamizol ce, ta shanu, ta raba ta biyu ta ba kowane rabi. Na yi lissafi da nauyin ragunan, na ga ta ɗan zarce kima, amma ba zarcewar da za ta kayar da rago haka ba. Na ce: «Ba wani abu kuma?» Maigidan ya ce: «Mushe, ba mu ba su komi ba.» Da na duƙa na shafa gashin ragon, sai warin taba ya buge ni. Nan ne ya ce: «A'a, wanga ai wanka ne munka yi masu da hantsi, taba da ƴar kanwa, don ƙwarƙwata. Shi ma cikin magani shike?»

Cikin magani yake ƙwarai. Munka wanke ragunan da ruwa da sabulu, munka kai su inuwa, na yi abin da zan iya. Na tsayen ya tsira. Na kwancen bai kai la'asar ba. Wata huɗu matar nan tana zuba masa dusa da harawa, kuma da kuɗinsa ta yi niyyar yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Da ƙwayar kaɗai anka ba shi, ko da wankan kaɗai anka yi masa, da wuya abin ya kai nan.

Itace magani ne, shi ya sa ake kiyaye shi

Kada wani ya ɗauka ma'aikatar kiyo na raina maganin gargajiya. Kakanninmu da shi sunka riƙe garkunansu tun ba a san farmasi ba. Maganin Turai da yawa ma daga itace anka fitar da shi. Kinin ya fito daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu. Maganin masassarar cizon sauro da ake ba yaranmu a likita yanzu, asalinsa wata ciyawa ce ta ƙasar Sin, dangin tazargade, kuma matar da ta gano shi, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Duk abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa.

Bambancin shi ne ma'auni. Ƙwayar farmasi an auna ta: lebamizol, miligiram 7 da rabi ake ba kowane kilo na nauyin bisa, wato ƙwaya mai miligiram 300 ta ragon kilo 40 ce. Jiƙo kuwa ba shi da ma'auni. Ƙarfin ɓawon maɗaci na rani daban da na damana, na tsohon itace daban da na ƙarami, jiƙon kwana guda daban da na kwana uku. In ka ɗora abin da ba ka san ƙarfinsa ba a kan abin da anka auna daidai, lissafin likita ya rushe ke nan.

Hanyar da magani ke bi a jikin bisa

Maganin da anka ba ta baki yakan faɗa tumbi, ya gauraya da abinci, ya wuce hanji, daga nan ya ratsa cikin jini. Jini ya kai shi wurin cuta. Sa'annan hanta ta farfasa shi, ƙoda ta tace shi, ya fita ta fitsari da kashi, wani kuma ta nono. Allura tana tsallake tumbi da hanji, amma ita ma sai ta bi ta hanta da ƙoda.

Ka riƙe abu guda a nan. Tumbin saniya, ko na tunkiya, ko na akuya, kamar randa ne: abin da ya shiga yakan kwana guda ko biyu, wani lokaci fiye, kafin ya wuce duka. Don haka jiƙon da ka ɗura jiya da marece yana nan ciki sa'adda ka ba da ƙwaya yau da safe. Ko ba ka gama su a ƙwarya ba, za su gamu a tumbi.

In sun gamu, ɗayan abu uku ke faruwa: jiƙo ya ɗaure magani, ko ya kore shi, ko su taru su yi wa bisa yawa.

Na farko: jiƙo ya ɗaure magani

Kowa ya san kafso ja da rawaya da garin nan rawaya da ake zuba wa kaji a ruwa. Dangin tetrasiklin ne. Wannan magani yana da wani hali: da ya gamu da sinadarin ƙashi da ake kira kalsiyom, ko da ƙarfe, sai ya manne masu, su zama dunƙule da ba ya iya ratsa hanji. Kalsiyom yana nan da yawa cikin madara da cikin toka. Kanwa kuma tana sauya ruwan ciki, ga ƙasa da gishiri iri-iri da ke haɗe da ita. To, mai jiƙa kafso cikin ruwan toka don kaji, da mai kwaɓa shi da madara don maraƙi ko ɗan akuya mai zawo, da mai narka shi da kanwa, duk sun rage wa maganin ƙarfi tun bai shiga jini ba.

Har wa yau, babbar bisa mai tuƙa ba a ba ta kafso ta baki, don yana kashe ƙananan halittun cikin tumbi masu narkar da ciyawa, bisa ta daina ci. Ita allura ake yi mata: oksitetrasiklin mai lamba 20%, mililita 1 ga kowane kilo 10. Annobar kajin nan ta lokacin ɗari kuwa, mai murɗe masu wuya, ba kafson da ke warkar da ita, ko da maɗaci da barkono ko babu. Allurar riga-kafi ce kaɗai ke tsare kaji daga gare ta.

Gawayi da farar ƙasa su ma suna ɗaure magani. Mu da kanmu mukan ba da gawayin da anka gyara musamman in bisa ta ci dafi, don ya tsotse dafin cikin hanji ya fita da shi. Gawayi bai san dafi daban, magani daban ba. Duk abin da ya tarar sai ya riƙe.

Sai itatuwa masu bauri: bagaruwa, sabara, marke, ɓawon maɗaci. Ka je majema ka ga aikin da bagaruwa ke yi wa fatar jar akuya: baurin nan ne ke kama fata ya tsuke ta. Haka yake kama abubuwa cikin tumbi da hanji. Gaskiya ne ganyaye masu bauri suna rage tsutsar ciki kaɗan, suna kuma tsai da zawo, shi ya sa makiyaya sunka yarda da su. Amma a wani bincike da anka yi a Faransa, anka buga shi a 2016, an ciyar da ƴan tumaki masu tsutsa da wata ciyawa mai bauri, sa'annan anka ba su ibermektin ta baki. Maganin bai shiga jininsu yadda ya kamata ba, bai kuma kashe tsutsa kamar yadda ya yi ga waɗanda ba su ci ciyawar ba. Abu biyu masu amfani, an gama su, an samu ƙasa da amfanin guda.

Na biyu: jiƙo ya kori magani

Mutane da yawa na cewa in an ba bisa ƙwayar tsutsa, sai a bi ta da abin da zai wanke ciki, don matattun tsutsotsi su fita. Sai a ɗura filasko, ko ƴaƴan zurma, ko bini-da-zugu, ko kanwa mai yawa. Wannan kuskure ne babba.

Albendazol, babbar ƙwayar nan da ake ce wa bolis, mai miligiram 300 ta tumaki da awaki da mai 2500 ta shanu, ba ta kashe tsutsa nan take. Hana ta cin abinci take yi, har ta mutu da yunwa. Don haka sai maganin ya daɗe cikin tumbi yana narkewa kaɗan-kaɗan, yana ratsa jini, kwana guda zuwa biyu. In ka sa bisa zawo, ka tura maganin waje tun bai gama aikinsa ba.

Kada kuma ka ce sai ka ga tsutsa cikin kashi za ka yarda magani ya yi aiki. Fararen gutsattsarin da ake gani kamar shinkafa na tsutsa mai faɗi ne, kuma ita ba ta cika kisa ba. Mai kisan siririya ce kamar zare, tsawonta bai wuce santimita 3 ba, tana manne a ƙaramin ciki na ƙarshe kafin hanji tana shan jini. Ba a ganinta a kashi. Alamarta a ido take: ka ja fatar idon ƙasa, in ta yi fari maimakon ja, ga kuma kumburi mai taushi ƙarƙashin haɓa, jini ya ƙare. Bisa irin wannan, zawon filasko kaɗai ya isa ya ƙarasa ta.

Akwai wata ɓarna kuma da ba a gani sai daga baya. In magani ya shiga da rabin ƙarfinsa, tsutsotsi masu rauni ne ke mutuwa, masu tauri su tsira su hayayyafa. Baɗi ka ba da ƙwayar nan daidai kima, ba ta yi komi ba. Haka ƙwayoyin cuta ke yi da tetrasiklin. Makiyayi guda ya jawo, garken gari duka ya ɗauka, tunda makiyaya guda ce, rijiya guda ce.

Ba mu ce a hana bisashe kanwa da gishiri ba. Lasa wajibi ce, kuma tafiyar da ake yi zuwa Ingal a ƙarshen damana don shan ruwan gishiri tana da amfaninta. Sai dai kowa ya san ruwan kanwa na sakin ciki. A ba da ƙwayar tsutsa kwana uku kafin a kai garke kanwa, ko a jira sai kashi ya koma daidai.

Na uku: su taru su yi yawa

Wannan ita ce hanya mai kisa cikin sa'o'i kaɗan.

Taba da lebamizol. Dafin da ke cikin taba, nikotin, da lebamizol wuri guda suke bugu a jijiya. Suna sa tsoka ta ɗaure ta ƙi saki. Ga tsutsa haka ake so. Amma in sun taru sun yi yawa, tsokar bisa ce ke ɗaurewa, har da ta numfashi. Nikotin yana ratsa fata, balle fatar da ƙazwa ko kaska ta yi wa rauni, ga kuma bisa na lasar jikinta. Kanwa tana ƙara masa saurin shiga jini, kuma dalilin ke nan da masu cin taba ke haɗa ta da kanwa. Abin da ya kashe ragon matar nan ke nan. Haka lebamizol yake da wasu magungunan fesa ƙwari da na wankan kaska, irin su piya-piya: a takardar lebamizol da yawa an rubuta a bar kwana 14 tsakani, kafin da bayan. Ku yi wa taba wannan lissafi. Ku duba kwali, in kun ga an rubuta lévamisole, ku tuna da maganar nan. Awaki sun fi tumaki saurin kamuwa.

Tumfafiya da allurar kalsiyom. Ruwan farin nan na tumfafiya yana da dafi mai taɓa zuciya, yana rikita bugunta. Saniyar da ta haihu ta kasa tashi, mukan yi mata allurar kalsiyom ta jijiya, kuma kalsiyom shi ma yana ƙara wa zuciya matsi. In an riga an ɗura mata tumfafiya ba a faɗa mana ba, zuciyar na iya tsayawa allura na hannunmu. Sai a ce likita ya kashe saniya.

Albasa da tafarnuwa. Wasu na daka tafarnuwa su ɗura don tsutsa. A ƙasar albasa kuma, wajen Galmi da Madawa, akan zuba wa shanu wadda ta lalace. In abin ya yi yawa kwanaki a jere, yana fasa ƙwayoyin jini, fitsari ya koma ja ko baƙi-baƙi, kuma shanu sun fi tumaki da awaki jin jiki. Bisar da tsutsa ko sammore ya riga ya shanye wa jini ba ta da abin da za ta ƙara rasawa. Ga shi kuma jan fitsarin na kama da na ciwon kaska, sai a yi ta allura a kan cutar da babu ita.

Hanta, ƙoda da bisa mai ciki

Hanta ce ke ƙayyade kwanakin da magani zai yi a jiki, kuma wasu tsire-tsire suna sauya mata aiki. Ga mutane an tabbatar da haka. A 1989, a Kanada, anka gano ruwan babban lemun nan mai ɗaci da ake kira famfalamus yana hana jiki farfasa wani maganin hawan jini, har maganin ya taru ya yi yawa. A 2000, a Suwis, wasu mutane biyu da anka dasa wa zuciya jikinsu ya fara ƙin ta, don suna shan wata ciyawa mai furen rawaya da Turawa ke sha saboda damuwa, Faransawa na ce mata milpertuwi. Ciyawar ta sa hantarsu na ƙone maganin dashen da sauri. Hantar bisa ma irin wannan aiki take yi. Ƴaƴan bini-da-zugu da ƴaƴan rai-ɗore suna yi mata lahani. In hanta ta raunana, kimar da ta dace jiya ta zama mai yawa yau.

Ƙoda kuwa ruwa take so. Bisar da jiƙo ya sa zawo, ruwan jikinta ya ƙafe. In ka ɗora mata ƙwayar ciwon jiki ta mutane, irin diklofenak ko ibuprofen da masu yawo da magani ke sayarwa a kasuwa, ko ka zarce kima a allurar oksitetrasiklin, ƙoda na iya tsayawa. Bisa ta daina fitsari, ta mutu bayan kwana biyu ko uku, ba wanda zai tuna da filaskon da anka ɗura.

Bisa mai ciki sai an ƙara kula. Ba a ba saniya albendazol cikin kwana 45 na farkon ciki, tunkiya da akuya cikin kwana 30 na farko, don yana iya nakasa ɗan. Deksametazon, wanda wasu ke ba bisashen turka don su yi kumari, yana sa ɓari in ciki ya tsufa, yana kuma rage ƙarfin jiki da ƙarfin allurar riga-kafi. Jiƙo mai murɗa ciki da ƙarfi shi ma haɗari ne ga mai ciki. In an gama su, an je neman ƙiba an samo rama.

Kada a gama a sirinji

Mun sha ganin ana narka garin maganin sammore, Berenil ko Veriben, da ruwan jiƙo, wai don ya ƙara ƙarfi. Ƙaramin ƙunshi mai giram 2,36 na bisa mai kilo 300 ne, kuma da ruwa mai tsabta mililita 12 da rabi ake narka shi, wanda anka tafasa ya huce in ba a samu na farmasi ba. Jiƙo cike yake da ƙasa da ƙwayoyin cuta. In ya shiga tsoka, sai kumburi mai mugunya, nama ya ruɓe, fata ta ɓaci, wani lokaci cutar ta bi jini. Duk abin da anka jiƙa ko anka dafa a gida, ba ya shiga sirinji. Haka kuma ba a gama allura biyu a sirinji guda sai ma'aikaci ya ce a yi.

Ku masu raƙuma na Tawa da Damagaram, ku sani wannan gari na sammoren shanu dafi ne ga raƙumi, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana kisa. Raƙumi yana da nasa magani daban. Ku tambaya.

In abin ya riga ya faru

Alamomin da za su sa ka yi zargin magani ya yi karo da magani su ne: yawu mai yawa, karkarwa, tangaɗi, numfashi da ƙyar, kumburin ciki, zawo mai ƙarfi, jan fitsari ko rashin fitsari, musamman in sun zo jim kaɗan bayan ka ba da wani abu. Ga abin da za ka yi:

Ka tsai da kowane magani, na gida da na farmasi. In wanka anka yi wa bisa, ka wanke ta da ruwa mai yawa da sabulu, ka kiyaye hannunka da idonka. Ka kai ta inuwa, ka kwantar da ita bisa ƙirji, kada ta kwanta a gefe tumbi ya kumbura. Ka aje mata ruwa ta sha da kanta. Kada ka ɗura mata komi, ko mai, ko nono, ko tsamiya, don bisa mai karkarwa ba ta iya haɗiya, abin zai bi ta huhu. Ka aika a kira ma'aikacin kiyo ko mataimakin likitan bisashe na kusa. Ka aje masa kwalin maganin, da ragowar jiƙon, da reshe ko ɓawon itacen da anka yi amfani da shi.

In bisar ta kai ga yanka, kada a ci naman, kada a kai shi kasuwa, sai ma'aikaci ya duba.

Nono da nama

Maganin da ka ba saniya, ɗanka zai sha shi a nono. Shi ya sa a kowace kwalba anka rubuta temps d'attente ko délai d'attente, wato kwanakin jira kafin a sha nono ko a yanka. Ga oksitetrasiklin mai dogon aiki, nama yakan jira mako uku zuwa huɗu ko fiye, nono kusan mako guda, gwargwadon abin da ke rubuce. Allurar ibermektin, mililita 1 ga kilo 50 ƙarƙashin fata, ba a yi wa bisar da ake tatsa don mutane su sha, nama kuma yakan jira wata guda ko fiye. Waɗannan kwanaki an lissafa su ne ga bisa mai lafiyayyar hanta da ƙoda. Wadda jiƙo ya raunana, magani ya fi daɗewa a jikinta. Mai turkar ragon layya ya yi lissafinsa tun da wuri, ya gama magani wata biyu kafin salla in da hali.

Abin da za a riƙe

1. Magani guda a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa.
2. In an fara da jiƙo ba a ga sauƙi ba, a tsai da shi, a kira ma'aikaci. Shi zai faɗi ko a jira, ko a yi allura maimakon ƙwaya, ko a sauya magani. Ciwo mai tsanani ba a jiran sai jiƙo ya fita, a kira shi nan take.
3. Ranar da anka ba da ƙwayar tsutsa da kwana biyu bayanta, ba filasko, ba zurma, ba gawayi, ba bagaruwa, ba kanwa mai yawa.
4. Taba, piya-piya da maganin wankan kaska ba su haɗuwa da lebamizol. A bar kwana 14.
5. Tetrasiklin na baki ba ya tafiya da madara, toka ko kanwa.
6. A ba da magani gwargwadon nauyin bisa. Kada a raba ƙwayar shanu da ka don rago ko akuya.
7. A sayi magani a farmasin bisashe ko wurin likitan da hukuma ta yarda da shi. Tun 2006 ƙasashen UEMOA sunka kafa doka cewa maganin bisashe sai ya samu izini kafin a sayar da shi. Wanda ya wuni a rana bisa tabarma a kasuwa, ba ka san abin da ya rage a cikinsa ba.
8. A kai bisashe allurar riga-kafi ta kowace shekara. Ciwon huhun shanu da annobar tumaki da awaki ba jiƙon da ke tsare su.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi duka: ka faɗa wa ma'aikaci duk abin da ka ba bisarka. Abin da ka ɗura, abin da ka shafa, abin da ka yi wanka da shi, abin da ka turara, abin da maƙwabci ya soka, da ranar da anka yi. Mun san abin da ke sa mutane ɓoyewa: tsoron a yi masu faɗa, ko a ce masu ƴan ƙauye. Mu ma a gidajenmu an ɗura mana maɗaci da sabara muna yara, ba abin kunya ba ne. Tambayar da muke yi don mu zaɓi maganin da ba zai yi karo da abin da ke cikin tumbi ba ne. Da matar nan mai raguna ta biyo ta ma'aikata ta ce an yi masu wankan taba da hantsi, da albendazol zan ba ta maimakon lebamizol, da ragunanta biyu sun kai kasuwa.

In akwai wani itace da kuke amfani da shi a yankinku kuna son sanin ko yana tafiya da maganin farmasi, ku zo da shi ma'aikatar kiyo ta garinku ranar kasuwa, mu duba tare.